Mai Farin Takalmi

Ranar da Dogo ya fara ganinta waya ce a hannunsa, kuma ba don alheri ya riƙe ta ba. Makon karɓar sababbin ɗalibai ne a kwaleji. Shi da abokansa 'yan shekara ta uku sun tsaya a bakin ofishin rajista suna tura baƙi ɗaki mai lamba arba'in, ɗakin kuwa na ajiye tsintsiya ne da bokitai. Duk wanda ya buɗe ƙofa ya yi turus, sai a ɗauke shi bidiyo a sha dariya.

Ta iso rungume da takardu, gumi ya tsatsafo mata a goshi.

"Don Allah, ina ake sa hannu a fom?"

"Hawa na biyu, ɗaki arba'in," in ji shi, ko idonsa bai ƙifta ba.

Ta yi masa godiya har sau biyu, godiyar ce kuwa ta karya masa gwiwa. Kafin ta kai tsakiyar matakala ya tarar da ita yana haki.

"Tsaya. Ƙarya na yi miki, wasa ne muke yi wa sababbi."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi wayar. "Goge."

Ya goge.

"Har wanda ya faɗa kwandon sharar wayar."

Ya goge wannan ma. Sannan ya karɓi takardun nata ya raka ta ofishin gaskiya, ya tsaya mata a layi awa biyu, abokansa na yi masa ihu daga nesa.

A gida Auta ake kiranta. Shi kuwa da ya ji haɗa magunguna ta zo karanta, sai ya laƙaba mata Likita. Komai za ta iya ba shi, biro, caja, rabin abincinta, amma ban da littafin da take rubutu. Ya taɓa neman aro don ya ga darussan da suke yi, ta rufe littafin ta sa a jaka.

"Umma ta hana. Ko mace ba na ba wa."

Ya yi dariya ya bar zancen, yana ganin irin tsirfar iyaye ce kawai.

Ba a yi wata biyu ba wani abokinsa, wanda ashe ya ɗauki nasa bidiyon a ɓoye, ya watsa shi a guruf ɗin ɗalibai. Kwana uku Auta ba ta ɗaga wayar Dogo ba. Ya rubuta mata:

"Likitata, wallahi ba ni ba ne. Idan ni ne, kada ki ƙara kallon inda nake. Amma ki bincika kafin ki yanke min hukunci, tun shekaranjiya abinci ba ya shiga."

Amsarta ta zo a gajarce: "Zan bincika. Ka ci abinci."

Ta kai ƙara ofishin kula da ɗalibai. Aka bi diddigi, aka dakatar da abokin na mako biyu, aka sa shi ya ba ta haƙuri a gaban aji. Da ta ba Umma labari a shagon ɗinkinta, Umma ta ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Har akwai ofishin da ake kai irin wannan ƙara?"

"Akwai mana, Umma."

"Kuma suka saurare ki?"

"Har kujera suka ba ni."

Umma ta daɗe tana kallon allura, sannan ta ci gaba da ɗinki.

Shekara uku suka shuɗe. Dogo ya gama ya sami aiki, Auta ta shiga shekarar ƙarshe. Umma ta san shi, tana kuma son shi, don shi ke gyara mata ƙwan fitilar shago ba tare da ya taka kujera ba. Da maganar aure ta taso, ya ɗauki Auta wata Asabar da rana ta je ta gaida iyayensa.

Abbansa mutum ne mai fara'a, irin wanda in ya fara labari sai an manta da abinci a faranti. Da ya ji a kwalejinsu take, nan da nan ya gyara zama.

"Ai ku yanzu ba ku san makaranta ba, 'yata. Kowa ya dunƙule da waya. Mu a zamaninmu akwai wani benci na siminti a gaban babban ɗakin lacca, nan majalisarmu take. Mata ba su fi ashirin ba a duk kwalejin. Kowacce ta wuce sai mun ba ta maki, da ƙarfi kuwa."

"Kai dai ba ka gajiya da labarin nan," in ji mahaifiyar Dogo tana zuba ruwa.

"Bari ta ji! Akwai wata da muke ce wa Mai Farin Takalmi. Ga ƙoƙari, ga shan ƙamshi. Na gaishe ta wata rana, ta ce in je in nemi abin yi. A gaban mutane! Na ce to. Na sa aka aro min littafinta, na yi mako guda ina kwaikwayon rubutunta, har yadda take lanƙwasa wutsiyar haruffa. Sai na rubuta wasiƙar soyayya zuwa ga wani malami mai sanƙo, na sa sunanta, na manna a allon sanarwa. Da safe malamin da kansa ya sa tabarau ya karanta, ya kwasa da gudu har takalminsa na cirewa!"

Dogo ya yi dariya. Ya ji labarin ya fi sau hamsin, kuma kullum a daidai wurin takalmin yake dariya.

"Daga nan ba mu sake ganinta ba," in ji Abba yana share hawayen dariya. "An ce aure ta yi."

Auta ta ajiye cokali a hankali. Kanta na ƙasa ta yi magana.

"Abba, ba aure ta yi ba. Saura wata uku ta yi jarrabawar ƙarshe labarin ya kai gida. Mahaifinta ya zo da mota ya ɗauki akwatinta. Farin takalmin yana nan a ƙasan gadon Ummata, ni nake kakkaɓe masa ƙura."

Dogo ya juyo ya dubi Auta. Sai a lokacin ya tuna da littafin da aka hana shi aro.

Auta ba ta ɓoye wa Umma ba. Umma ta saurare ta har ƙarshe, ta naɗe tef ɗin awo a yatsunta, ta ce, "Ba zan haɗa zuri'a da shi ba. Ki yi haƙuri, Auta. Duk abin da kika nema na yi miki, wannan kam ba zan iya ba."

Auta ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta tashi ne tana ganin uwar da ba ta riƙe biro. Awon masu ɗinki ma a ka Umma take riƙe shi, ko ta ce Auta ta rubuta. Tana ƙarama ta ɗauka Umma ba ta yi makaranta ba.

Saƙon Dogo ya shigo washegari:

"Likitata, abin da ya fi ci min rai shi ne na yi shekaru ina dariya. Ban taɓa tambayar ina ta tafi ba. Ba zan ce ki saɓa wa Umma ba. Ki dai sani ina nan, ko shekara nawa ne."

Ta mayar masa:

"Dogona, ina son ka, ka sani. Amma ba zan taka hawayenta in shiga gidanka ba. Ka yi mana addu'a."

Bayan kwana goma Abba ya zo shagon da kansa. Ya tsaya a ƙofa tsakanin yadudduka da aka rataye, ya kasa shiga. Umma ta ɗago sau ɗaya, ta gane shi duk da furfura da tumbi, ta mayar da ido kan ɗinki.

"Baiwar Allah, na zo neman gafara. Wallahi wasa na ɗauke shi. Ƙuruciya ce."

"Shekarunmu ɗaya a lokacin," in ji Umma. "Ni ban ga wanda ya ce min ƙuruciya ce ba."

Ta gyara yadin a ƙarƙashin allura ta ci gaba.

"Ka san abin da ya fi min ciwo? Ba karatun ba ne. Na yi aure daga baya, na sami mutumin kirki har Allah Ya karɓe shi, sana'ata ta rufa min asiri. Mahaifina ne. Shi ya koya min rubutu da hannunsa. Na yi rantsuwa, na yi kuka, ya ɗaga takardar ya ce, 'Ni za ki gaya wa rubutunki?' Har ya koma ga Allah bai san ba ni na rubuta ba. Ka iya aikinka, Malam. Uban da ya haife ni ma ka ruɗe shi."

Abba ya dafa ƙyauren ƙofa. "Me zan yi yanzu?"

"Babu. Wanda ya kamata ya ji ba ya nan."

Keken ɗinki ya ci gaba da ƙara, shi kuwa ya juya ya tafi.

Ranar Litinin Dogo ya turo wa Auta hoto. Abba ya je kwaleji, ya nemi izini, ya manna takarda a tsohon allon sanarwa. Auta ta miƙa wa Umma wayar, Umma ta kawar da kai.

"Ba a waya aka yi min ba. Kai ni in gani."

Rabonta da ƙofar kwalejin shekara talatin da biyu. Bencin yana nan, amma 'yan mata ne uku a kai suna gardama da wani saurayi a kan lissafi, suna kuma cin galaba. Allon ya koɗe, gilashinsa ya tsage. A tsakiya ga farar takarda da rubutun hannu: shekarar da abin ya faru, yadda ya ari littafin, yadda ya kwaikwayi rubutun, da cewa ɗalibar ba ta san komai ba. Ya sa cikakken sunansa da lambar wayarsa. Nata sunan bai sa ba.

Umma ta karanta sau biyu. Ɗalibai na ta wucewa ta bayanta, kowa ido a kan waya, babu wanda ya ko waiga.

"Da ya manna ƙarya, kafin azahar kowa ya haddace," ta ce. "Yau ga gaskiya, ni kaɗai ce mai karatu."

Ta cire takardar, ta ninke ta huɗu ta sa a jaka. Ta dubi 'yan matan da ke kan benci, sannan ta dubi Auta, wadda ta rame a 'yan makonnin nan har wuyan rigarta ya yi mata yawa.

"Yaron nan da ya yi miki ƙarya, minti nawa ya yi kafin ya biyo ki?"

"Bai kai biyu ba, Umma."

"Uban ya yi shekara talatin da biyu." Ta gyara mayafi. "An taɓa hukunta ni a kan abin da ban yi ba, ba zan yi wa ɗan wani haka ba. Ki gama jarrabawarki tukuna, ko kwana ɗaya ba zan rage miki ba. Sannan ki ce iyayensa su zo."

Auta ta rungume ta a nan gaban allo tana kuka. Sannan ta ɗauki waya ta rubuta: "Dogona, ka ci abinci. Umma ta yarda."

An ɗaura auren wata biyu bayan fitowar sakamako. Umma ce ta ɗinka rigar amarya, ta kwana uku a kan hannun rigar kaɗai. Wajen walima tsofaffin abokan Abba sun haɗu a teburi guda, ɗaya ya fara, "Kun tuna Mai Farin..." Abba ya dafa hannunsa ya girgiza kai, zancen ya mutu a nan.

Da za a tafi da amarya, Umma ta kira su biyun ta miƙa musu ambulan. Auta ta buɗe, ta yi tsaye tana kallo. Rubutu ne mai kyau, a jere, kowane harafi da lanƙwasasshiyar wutsiya. Shekararta ashirin da uku, yau ta fara ganin rubutun mahaifiyarta.

Abba na tsaye a bayan ɗansa. Ido ɗaya ya yi wa takardar ya gane hannun, ya juya ya fita waje yana share fuska da hula.

Dogo ne ya karanta, don Auta ta kasa:

"Auta da Dogo, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku yi wasa, ku yi dariya, amma in kun ga ɗayanku ya yi shiru, ku tsaya ku tambaya. Na yafe wa kowa. Wannan ni na rubuta, da hannuna. Ummanku."