Tsohuwar da Ta Fasa Gudun Annoba

A zamanin da, annoba ta auka wa wani ƙauyen 'yan Katolika. Fada, limamin cocinsu, ya rasu, mutane suka watse. Wata tsohuwa mai son labarin waliyyai ta ɗauki kayanta za ta bi su, sai ta ji nishi a bayan coci. Ashe mutumin da ya kashe ɗanta ne kwance, yana roƙon ruwa.

Ta daɗe a tsaye, sannan ta sauke kayan. Da safe ta ba shi ruwa, da yamma ta ba shi ruwa.

Ya ce, "Iya, ba ki gane ni ba ne?"

Ta ce, "Na gane ka sarai. Sha."

Ya warke, ita kuwa cutar ta tafi da ita. Shi kaɗai ya haƙa kabarinta, yana kuka.