Waƙoƙi Huɗun da Aka Cire

Ranar da Gethin Pryce ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan na Whitby, Morwenna ce ta buɗe, riƙe da kwalbar maganin mahaifinta. Ya tsaya yana kallonta kawai.

"Kai ne mai gyaran tef?"

"Ni ne. Ina jin."

"To shigo, ka tabbatar daga ciki. Sanyi na shiga."

Kamfanin faifai ne ya aiko shi. Za a sake fitar da faifan da mahaifinta Alasdair ya yi a 1971, wanda ya gauraya waƙoƙin masunta da kiɗan jazz, a ƙara da abin da ya rage a tsofaffin tef. Tsohon, da ciwon huhu ya kwantar, ya nuna akwati biyu da haɓa.

Mako uku Gethin yana aiki, kullum suna waya da Morwenna. Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Wenna tawa, na samu waƙoƙi huɗu da ba a taɓa fitarwa ba. Mace ce ke rerawa. An rubuta Rhona a kwalin."

Rhona mahaifiyarta ce, ta rasu Morwenna na da shekara uku. Ba ta tuna muryarta. A ɗakin aikinsa ta saurara, ta yi kuka har ta jiƙa masa kafaɗa. A nan ya ce yana sonta, ya kuma yi alkawarin ba zai miƙa wa kamfani waƙoƙin ba sai da yardar gidan.

Da Alasdair ya ji, sai ya murtuke.

"Mai tonon kabari! Kada ya sake tako min gida. Ke kuma, ko ni ko shi."

Bayan wata guda kamfanin ya sanar cewa waƙoƙin Rhona za su fito. Morwenna ta tura wa Gethin saƙo:

"Ka ci amanata. Kada ka sake nemana."

"Na rantse ba ni ba ne, zuciyata. Ɗauki waya."

Ba ta ɗauka ba. Hunturu ya ƙare a haka, ita da tsohon da tukunyar iskar numfashinsa.

A watan Maris aka kwantar da mahaifinta a asibiti. Ya kamo hannun rigarta.

"Ni na sa wa kamfanin hannu, a ɓoye."

"Baba?"

"Ni na cire mahaifiyarki daga faifan tun farko. Ta fi ni murya, na kasa jurewa. Na ce mata waƙarta ba daɗi. Ba ta ƙara rerawa ba, ko ta lallashinki."

"Shi ne ka bar ni na zargi Gethin wata huɗu?"

"In kin tafi, wa zai zauna da ni?" Ya yi tari. "Kira yaron."

Gethin ya iso a jirgin ƙasa na rana. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ka riƙe ta. Kada ka yi irin tawa."

Ranar Laraba tsohon ya cika.

A watan Mayu aka ɗaura auren a ofishin rajista, mutum bakwai. Inna Elspeth, ƙanwar Rhona, ta haɗa hannayensu tana hawaye.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yana. Ya ba ku tsufa tare."

A bakin ƙofa Gethin ya gyara mata kwat.

"Kin yafe masa?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ba sauri, matata. Mu je gida."