Matakala ta Uku

A ƙofar laburare ta fara ganinsa, durƙushe da tef ɗin awo a hannu, mutane na ratse shi suna wucewa. Ita kuwa da ake kira Sarkin Tambaya a gida, ba ta iya wuce irin wannan.

"Malam, wani abu ka yar?"

"A'a, matakala ta uku nake aunawa. Kowa tuntuɓe yake a kanta. Ta fi sauran tudu da yatsa biyu."

Ashe mai zanen gine-gine ne, bai daɗe da kammalawa ba. Karatun da take mafarki ke nan, sai ta tsare shi da tambayoyi har ya ba ta lambarsa don ya tsira. Ina fa!

"Mai Tef, dole sai na iya zane?" ta turo masa.

"Zane ana koyo, Tauraruwata. Ki fara koyon kallo, ta ina rana ke shigowa, ta ina ruwa ke fita. Kuma ki shirya, karatun da tsawo."

Da soyayya ta kankama, ranar da ya je gaida mahaifinta, tsohon magini, Mai Tef ya so ya burge. Ya kawo labarin matakalar, ya rufe da cewa wanda ya gina ta bai san aikinsa ba.

Baba ya ajiye kofinsa. "Ni na gina ta."

Shi ke nan, Baba ya ce ba aure, ba karatu. Ba zai ba mai raina magina 'yarsa ba, kuma ita ma ba za ta zama irinsu ba. Ta sha kuka, amma tambaya ba ta bar ta ba.

"Baba ba ya kuskuren awo," ta rubuta wa Mai Tef. "Ka taɓa ganin zanen ginin?"

Bai taɓa ba. Sati biyu yana tonon ma'ajiyar laburaren kafin ya samo takardar. Wanda ya zana ginin ne ya bi da bututun ruwa ta ƙarƙashin matakala ta uku, dole magini ya ɗaga ta.

Mai Tef ya durƙusa gaban Baba da takardar, kunya kamar ya nutse. "Laifin namu ne masu zane, Baba. Na auna siminti, ban tambayi mai aikin ba."

Baba ya daɗe yana kallon takardar. "Sau uku na gaya wa mai zanen nan za a riƙa tuntuɓe, ko kallona bai yi ba. Yau shekara ashirin." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma, in kin je makarantar, ki riƙa tambayar magini."

Baba da kansa ya gina matakalar gidan da za su zauna. Ranar aure ya miƙa wa ango tef. "Auna."

"Ni? Na tuba, Baba."

Amarya ta fizge tef ɗin, ta durƙusa da kayan kwalliyarta ta auna ɗaya bayan ɗaya.

"Daidai suke, duka ukun!"

Baba ya yi dariya har da hawaye. "Allah ya yi muku albarka. Ku hau, ba mai tuntuɓe a nan."