Burodin Masu Latti

Ranar da sabon Sufeton ciyar da makarantu ya fara ganinta, cikin laifi ya kama ta.

Dokar kicin ba ta da kwana-kwana. Da an kaɗa ƙararrawar shiga aji, a rufe tagar rabon karin kumallo, duk abin da ya rage kuma a juye shi a shara. Ma'aikaci ba ya ci, ba ya ajiyewa, ba ya fita da shi. Ita kuwa mai rabon abincin sai ta cusa burodi da dafaffen ƙwai a aljihun rigar aikinta, ta zagaya tagar baya inda yaran da suka makara ke jira, ta miƙa musu.

"Malama, me ke cikin aljihun nan?" ya tambaya daga bayanta.

"Aljihuna ne, ranka ya daɗe."

"Aljihunki yana ƙamshin burodi."

Ta juyo ta dube shi ido cikin ido. "Daga bayan gari yaran nan suke takowa da ƙafa. Kafin su iso an kaɗa ƙararrawa. In ƙarata za ka kai, bari su haɗiye tukuna."

Bai kai ƙara ba. Makarantu da yawa ke ƙarƙashinsa, amma daga ranar wannan kicin ɗin ya fi kowanne buƙatar bincike. Yau ya zo duba firji, gobe ya zo duba murfin tukunya, har masu wanke-wanke suka fara tari in ya shigo. Ya raɗa mata suna 'Yar Ludayi, sunan kuwa ya bi ta.

"'Yar Ludayi, yau na zagaye kicin-kicin na yankin nan kaf, ban ga abin da nake nema ba. Kin ci abinci?" ya rubuto mata.

"Sufetona, mai rabo ba ta zama da yunwa. Gobe ka zo kafin ƙararrawa, don ni ba na ajiye wa manya."

Akwai wani da ya riga shi, Mai Sito, wanda ke riƙe da makullin ɗakin kayan abinci. Mutum ne marar surutu, ya daɗe yana sonta, ta kuma gaya masa gaskiya cewa zuciyarta ba ta wajensa. Bai yi fushi ba. In ya ga aljihunta ya kumbura ma, bango yake kallo.

Matsalar daga gidan Sufeto ta ɓullo. Da ya kai maganar aurenta gida, Mamansa ta saurare shi har ya gama, sannan ta taɓe baki.

"Mai kwasar ragowar yara? Na yi ta wahala da karatunka don a ce surukata ce waccan mai hula da ludayi, mai warin albasa? In ta bar aikin, ka dawo mu yi magana. In ba haka ba, kada ka sake kawo min zancenta."

Ya je ya lallashi 'Yar Ludayi. "Rabin raina, ki ajiye aikin nan. Me za ki nema ki rasa a gidana?"

"In na tafi, wa zai buɗe tagar baya?" ta ce. "Ka roƙe ni wani abin, wannan kam a'a."

Ya roƙi Mama, ta ƙi. Ya sake roƙon budurwarsa, ta ƙi. To a nan ne son ya nuna mummunar fuskarsa, ba kuwa zan yi masa ado ba: Sufeto ya shiga ofishin Shugabar shirin ciyarwa, ya gaya mata lokacin da za ta je da tagar da za ta tsaya. Ya ce kada sunansa ya fito.

Shugaba ta dira bayan ƙararrawa, daidai lokacin da 'Yar Ludayi ta miƙa hannu ta taga. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta sa aka jawo kwandon shara zuwa bakin tagar, inda yaran za su gani da kyau.

"Zazzage aljihun. Da hannunki."

"Ranki ya daɗe, ki bar su su ci na yau kawai, sai ki kore ni."

"Korarki ai an gama. Zazzage."

Ta zazzage. Burodin ya faɗa kan ɓawon ƙwai da ruwan wanke-wanke, wata ƙaramar yarinya mai jaka a baya ta bi shi da ido har ƙasa. Kafin a tashi daga makaranta kafinta ya buge tagar da ƙusa.

A hanyar fita 'Yar Ludayi ta ci karo da Mai Sito. Baƙin ciki ya rufe mata ido, ta tsaya a gaban kowa ta wanke shi tas.

"Don na ce ba na sonka shi ne ka huce a kan yara? Munafuki! Allah ya isa tsakanina da kai."

"Allah ya sani," kawai ya ce, ya koma cikin buhunansa.

Da yamma saƙon Sufeto ya shigo: "Ki daina kuka, rabin raina. Duk wanda ya yi miki haka, Allah zai saka miki."

"Amin, Sufetona. Kai kaɗai ka rage min," ta amsa.

Tunda ludayi ya bar hannunta, Mama ta sauko. Manya suka shiga magana, aka sa rana, aka ɗaura aure. A wajen walima amarya ta yi kyau har ango ya kasa ɗauke ido, ya sunkuyo ya ce, "Yau dai na kama ki, ba beli." Ta yi dariya, dariyar gaske.

Sai Mama ta matso sa albarka. Ta kama hannayen amarya ta shinshina, ta juya ga ƙawayenta.

"Kun ji, warin albasan ya tafi. Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin samu miji mai jin maganar uwa. Cewa kawai na yi ya raba ki da kicin ɗin nan, da kika yi taurin kai ya je da ƙafarsa ya kai ƙararki. Haka ake son namiji. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Mama," in ji amarya. Ta juya ta dubi angonta. Shi kuwa takalminsa yake kallo kamar yau ya fara ganinsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta tada biki ba. Saƙo ɗaya ta tura wa Mai Sito: "Na zalunce ka. Ka yafe min." Ya amsa da cewa ya yafe, Allah ya sanya alheri.

Ranar da hutun angonci ya ƙare, ƙamshin soyayyen ƙwai ne ya tashe shi. Ya yi wanka, ya fito yana murmushi, ya tarar da tebur wayam, an wanke kasko an kife. Wayarsa ta yi ƙara.

"Sufetona, abincinka ya tafi makaranta. Ina raba wa masu latti a bakin ƙofar makarantar, ta waje, inda dokarka ba ta kai ba. Na taɓa gaya maka ba na ajiye wa manya."

"Ki yafe min, 'Yar Ludayi. Tsoron rasa ki ne ya sa."

"Ai ba ka rasa ni ba, ga ni a gidanka, kuma ina sonka. Yafiya dai sai yaran sun ƙoshi."

Har yau suna tare, rana da dare tana girka masa abin da ransa ke so, amma na safe ba nasa ba ne. Da cikinsa fayau yake zagaya kicin-kicin, ya tsaya a kan ma'aikata har su juye burodi mai ɗumi a shara, ba shi da ikon ɗaukar ko gutsure. Mama na ta tambayar abin da ke ramar da ɗanta, shi kuma ya ce aiki ne.

Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa 'ya'yansu su riƙa isa makaranta kafin ƙararrawa.