Hasken Da Ba A Biya Ba

Fanka na juyawa, talabijin na zuba waƙoƙin sujada, Mama Afiniki ta miƙe ƙafa a falo tana ɓarar gyaɗa, sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. 'Yarta Keziya ta leƙa ta taga. Obadiah ne, saurayinta, wanda iyayensa suka riga suka kawo gaisuwar aure. Amma yau babu fara'ar nan tasa. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya zube a kujera kamar an zare masa laka.

"Ɗana, lafiya kuwa?" in ji Mama.

"Ina fa lafiya, Mama! Daga banki nake. Sun hana ni lon, rancen sayen irin citta. Wai sunana yana cikin masu cin bashi ba su biya. Ni fa! Ni da ko magi ba na ɗauka bashi!"

"Wane bashi kuma?" Keziya ta tambaya.

"Sun ce in koma, manaja zai duba wane kamfani ya kai sunana. Ga ruwa ya kusa sauka."

Keziya kam ba ta buƙatar wani manaja ya faɗa mata. Bara Obadiah ya ga Mama na fama da zafi da duhu, ya karɓo mata sola daga wani kamfani a kan biyan wata-wata, da sunansa da lambarsa ta banki, BVN. Duk ƙarshen wata yakan turo wa Keziya kuɗin ta biya. Watan farko ta biya, na biyu ma haka. A na uku Zumuntar Mata ta coci suka fitar da anko, Mama ta ce kunya za ta kashe ta in ta shiga majami'a da tsohon zane, sai kuɗin sola ya tafi can. Bayan anko sai gyaran babur ɗin Clinton, yayan Keziya, bayan babur sai gudummawar biki. Da kamfani suka kulle solar daga ofishinsu, Clinton ya kawo wani abokinsa ya buɗe akwatin, ya haɗa wata jar waya ta baya, wuta ta dawo tas! Saƙon gargaɗi kuwa lambar Keziya yake zuwa, tana karantawa tana gogewa. Shi kuma bawan Allah duk zuwan da zai yi ya tarar da haske, to me zai sa ya yi zargi?

Yana fita Keziya ta fashe da kuka.

"Mama, mun kashe shi! Mu ne!"

"Ke, rufa mana baki!" Mama ta daka mata tsawa. "Ki ce kamfani ne suka yi kuskure. Kina so danginsa su ce gidan ɓarayi zai yi aure?"

Clinton ya yi dariya yana goge takalmi. "Abeg, mene ne a ciki? Ba 'yarmu zai ɗauka ba? Ya sa a lissafin kayan aure mana."

"Yaya, sunan mutum ne fa muka ɓata!"

"Suna ake ci?"

Keziya ta juya masa baya. Ta ɗaga kai ta kalli fankar nan da ke kaɗawa, ta ji iskar kamar mari. Kunya da nadama suka cika ta.

Washegari da ta tashi daga makarantar da take koyarwa, ta hau keke zuwa gonarsa ta wajen Gidan Waya. Ta tarar ya gyara fili fes, ya tara ganyen rufe shuka, iri kawai ake jira. Ganin haka ya ƙara karya mata zuciya. Ta durƙusa a cikin ƙasar nan da kayan aikinta, ta faɗa masa komai, har jar wayar ba ta ɓoye ba.

Obadiah ya dube ta.

"Keziya, duk alat ɗin kuɗin da nake turowa, ki ce mini 'na biya, Allah ya saka'... ƙarya ne?"

"Ƙarya ne. Ka yafe mini."

"Da kin ce Mama tana son anko, ai da na saya mata! A ƙarƙashin wutar nan nake zama muna addu'a tare!" Ya share ido da bayan hannu. "Ki tafi gida. Zancen aure kuma a dakata."

Ta tafi tana kuka har mai keke ya riƙa ba ta haƙuri. Tana shiga gida ba ta ko ajiye jaka ba, ta ɗauko almakashi, ta buɗe akwatin sola, ta datse wayar. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

"Yesu na! Yarinyar nan ta haukace!" Mama ta ɗora hannu a ka.

"Ban haukace ba, Mama. Wutar da ba mu biya ba, mun daina sha."

Ranar Alhamis ta ɗaure uwar aladen da take kiwo don girkin bikinta, ta kai ta kasuwar aladu ta Katsit. 'Yan saye suka ga idon Keziya ya kumbura da kuka, suka taya da wulaƙanci, ta sallama. Daga can ta wuce ofishin kamfanin, ta gaya wa ma'aikaciyar gaskiya. Matar ta zare tabarau ta dube ta.

"'Yar'uwa, ke ce ta farko da ta kawo ƙarar kanta. Akwai tara saboda wayar, kuma kuɗin nan ba zai kai ba. Ki biya rabi, sauran wata-wata. In kin gama mu ba ki takardar shaida, mu sanar da ofishin da bankuna ke duba tarihin bashi. Amma ba a wanke suna rana ɗaya, ki sani."

Haka aka yi. Albashi na shigowa Keziya ke kai shi, ko man kitso ta daina saye. Ruwa ya sauka, maƙwabtan Obadiah suka shuka citta, shi ya zuba masara a filin da ya gyara don citta. Duk ran da ta wuce ta hango masarar nan sai hawaye. Mama ta yi fushi, ta yi gunaguni, ta koma fifita da murfin tukunya. Amma wata Lahadi ta dawo daga sujada shiru, ta tuɓe ankon ta ninke, ta kwance bakin zane ta miƙa wa Keziya kuɗin adashinta. "Ni na fara jawo wannan abin," ta ce, ba ta iya ɗaga ido ba. Clinton dai bai ba da ko sisi ba, sai cajin waya da ya koma yi a shago.

Da aka gama biya, Keziya ta karɓi takardar, ta yi ta sintiri tsakanin kamfani da banki har ranar da aka duba kwamfuta aka ce an gyara. Ta aika wa Obadiah hoton takardar, ba ta ƙara ko kalma ba.

Da yamma sai ga ƙarar babur. Ya gaida Mama, ya zauna inda ya saba.

"Na ga takarda," ya ce. "Manaja ya ce in dawo kafin shukar baɗi."

"Amma cittar bana ta wuce ka, saboda ni."

"Ta wuce." Ya gyara zama. "Kin san ina bi ta layin nan duk magariba? Ko'ina haske, gidanku kaɗai duhu. Sai in tsaya in kalla, in wuce. Keziya, ba takarda ce ta dawo da ni ba. Duhun nan ne."

Mama ta rufe fuska da zane tana kuka, Keziya ma haka.

An ɗaura aurensu bayan Kirsimeti. Babu naman alade a bikin, shinkafa ce da kaji 'yan kaɗan, wasu har suka yi tsegumi. To 'yan mata da samari, ku ji da kyau: wanda ya ba ku sunansa ya ba ku abin da ya fi kuɗinsa, kada ku kashe shi don faranta ran 'yan gida. In kuwa kun riga kun ɓata, ku faɗi gaskiya da bakinku, ku biya da haƙuri, ko da za ku zauna a duhu kafin a gama.