Akwatin Da Aka Toshe Wa Numfashi

Kowa a layinmu ya yarda aljanu ne suka cinye gidan ƙanena. Ku ji yadda aka yi tukuna.

Ƙanena maƙerin kayan dabo ne. A shagonsa, tsakanin zarto da madubai, ya ƙirƙiro hular da ke haihuwar tantabara, da igiyar da ake yankewa ta haɗe. Babban aikinsa wani akwati ne: matarsa ta shiga, a rufe, a buɗe, wayam. Tana nan kwance a wani lungu ƙarƙashin katako, inda ya huda kafofi bakwai don ta sha iska. Sai dai kullum akan sami mai ido ya hango kafofin, a yi masa ihu. Masu sayen dabarunsa na ta gina gidaje, shi yana fama da haya.

Rana tsaka ya tafi wurin boka. Mutumin da ya san cikin kowane rufa-ido, wai shi ne durƙushe gaban tukunya mai busasshen jini, ƙahoni rataye bisa kansa, ɗaki na warin ƙonannen gashi!

"Mai dabo, me ya kawo ka?"

"A daina yi mini dariya. Kuma in yi kuɗi."

Boka ya miƙo masa dunƙulen baƙin kaki. "Toshe kafofin nan. Mutanena ba sa zama inda ake leƙe. Kada ka buɗe sai ka ƙirga ɗari uku."

"To, wadda ke ciki fa?"

"Arziki ka zo nema ko tambaya?"

Ƙanena ya karɓi kakin. "Me zan biya?"

"Ni ba na karɓa. Akwatin zai ɗauki nasa."

Daga ranar, 'yan kallo su lalube akwatin ciki da bai, ba ko kafar allura. Suna ya tashi. Ga mota, ga gidan sama, ga tumbi.

Matarsa kuwa takan fito leɓɓa sun yi baƙi. "Yaya," ta ce da ni, "ki yi masa magana. Kamar dutse ake ɗora mini a ƙirji."

Na same shi a shago. "Kai, buɗe kafofin nan."

"Yaya, karatunki ya yi miki yawa. Wannan ya fi ƙarfin littafi."

Kafin shekara, matar ta manta sunan 'yarta. Ta koma zama a bayan ƙofa, tana ƙirga har ɗari uku, ta sake daga farko. Sai ya sa 'yar tasu tilo a madadinta. Ran da zauren wasa ya cika maƙil, tafi ya ɗebe shi, ya zarce zuwa ɗari shida. Ya buɗe akwati, wayam, aka yi ta shewa. Ya rufe, ya kira ta. Shiru. Farcenta duk a karye muka ciro gawarta.

Yau yana yawo da ƙusa da guduma, yana huda ƙofofin mutane, yana cewa, "Ku bari ta sha iska."

Wai aljanu. An ɗora wa aljanu laifi don a huta da tunani. Shi ya huda kafofin nan da hannunsa, ya san amfaninsu sarai. Boka bai ba shi komai ba sai kaki da izini. Mai kwaɗayi, kafin ka ɗauki takalmi zuwa gidan boka, dubi wanda ke numfashi a gidanka, don shi ne farashin.