Bijimi Don Saniyar Zubairu

A kasuwar shanu ta Muwailih, yamma da Omdurman, Zailani ya fara ganin Sittana. Mata ba su cika shiga wurin ba, ita kuwa ta wuce manyan bijimai ta zo ta tsaya gaban nasa, wani fari ɗan tsurut da dillalai ke yi wa dariya tun safe.

"Ya zol, malam, 'ya'yansa da ƙaton kai suke zuwa?"

"Ƙanana suke zuwa," ya ce. "Bakwai ya bayar, babu uwar da ta sha wuya."

Ta ɗago ta dube shi. Shi ke nan, bawan Allah ya manta sayarwa ya zo yi.

Saniya ɗaya gare su a unguwar Kalakla, ta yayanta Zubairu, ita take nema wa bijimin barbara. Shekara shida ke nan da sojoji suka sauke shi daga bas a Shajara suka tura shi yaƙi Kudu, ko rigarsa ba ta dawo ba. Har yau in la'asar ta yi, saniyar takan kafa wa ƙofa ido, Sittana ma ta juya, alhali ta san babu mai shigowa.

Amjad, ɗan mai gonar shanu ɗari biyu, ya yi tayin bijiminsa na Turai kyauta. Kowa dai ya san ba saniyar yake so ba.

"Ya bitti, 'yata, 'yar bijimin nan madararta za ta cika garwa," in ji baffanta Jibrin. "Me za ki tsinta wurin Zailani mai shanu uku?"

"Baffa, bara shanunsu huɗu suka mutu wurin haihuwa, ko a jikinsu. Tamu ƙarama ce. In ta mutu, me ya rage mana na Zubairu?"

Tsohon ya gyara zama.

"To, Zailanin ya kawo nasa. Amma in wani abu ya same ta, kada in ƙara jin sunan yaron nan a gidana."

Aka kawo bijimin, saniya ta ɗauki ciki. Sai Zailani ya ga motar Amjad sau biyu a ƙofar gidan, ya ɗauke ƙafa wata guda cur, sannan ya turo saƙo:

"Farin watana, in babban gida kika zaɓa na haƙura. Ki dai kula da saniyar."

Ta mayar masa: "Kai dai akwai saurin fushi. Baffa yake zuwa gaisarwa. Watan haihuwarta ya tsaya, tsoro nake ji. Ka zo, habibi."

Da rana tsaka naƙuda ta tashi. Saniyar ta kwanta tana nishi, idanunta sun juye. Tsoro ya kama Sittana irin na ranar da suka bi ofisoshi suna tambayar labarin Zubairu. Zailani ya iso, ya nannaɗe hannun riga, ya durƙusa yana lallashin dabbar, har maraƙa ta sulluɓo. Jim kaɗan uwar ta yunƙura ta miƙe, ta hau lasa.

Baffa Jibrin ya juya baya yana share fuska da rawaninsa.

"Ka turo manyanka," ya ce.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, aka raba dabino, liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Har an fara miƙewa, Baffa ya riƙe hannun liman.

"Ya Shehi, a ƙara fatiha ɗaya, ga Zubairu. Ba mu taɓa yi masa ba."

Sittana na cikin gida da lalle a hannu aka kawo mata labari. Ta ɗaga hannuwan hakanan, ta ce amin.